Launi Ba Ya Magana Shi Kaɗai

FILIN IDO DA KYAMARA: Tambayoyinku da Amsoshinsu

Wasiƙun da suka taru a wannan wata kusan duk a kan launi suke, sai na ware guda shida waɗanda amsarsu za ta amfani har wanda bai yi tambaya ba. Na taƙaita wasu don filin ya ishe mu. Masu tambaya a kan zaɓen gilashin kyamara su ƙara haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina koyon zane da ɗaukar hoto. Na ga wani jadawali da ke cewa ja na nufin fushi ko soyayya, shuɗi baƙin ciki, rawaya murna, kore kwanciyar hankali. Shin in haddace shi in riƙa aiki da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki haddace shi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma wanda ya riƙe shi hannu bibbiyu zai daina kallon abin da ke gabansa, ya koma kallon takarda.

Fara da bakinmu. Muna cewa farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, har mutum ya zaci magana ta ƙare, fari alheri, baƙi sharri. Amma baƙaƙen da kike karantawa yanzu fa? Da su ake rubuta ilimi. Ja kuma ya fi su rikici. Jan gwarzo yabo ne, jan aiki wahala ce. In aka ce idon mutum ya yi ja, ba za ki san ko fushi ne, ko kuka, ko rashin barci ba sai kin ga sauran fuskar. To haka launi yake a hoto. Sai kin ga abin da ke kewaye da shi. Sannan al'ummai ma ba su haɗu a kan ma'ana ɗaya ba: a yawancin Turai baƙi ne tufafin makoki, a Sin da Indiya fari ne, ja kuma a Sin launin aure ne da sa'a.

Akwai wani masanin sinadarai Bafaranshe, Michel-Eugène Chevreul, wanda a 1824 aka naɗa shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins da ke Faris. Ya tarar ana ta ƙorafi cewa baƙin zaren da ake rinawa ba ya yin baƙi sosai, musamman in aka saƙa shi kusa da shuɗi ko shunayya. Ya gwada rinin, ya ga ba shi da aibu. Zaren baƙi ƙirin yake in shi kaɗai ne. Maƙwabcinsa ne ke sauya shi a idon mai kallo. A 1839 ya buga sakamakon bincikensa, kuma tun daga nan masu zane suka riƙe wannan ƙa'ida: kowane launi yana tura maƙwabcinsa zuwa ga kishiyarsa. Kishiyar ja kore ce, kishiyar shuɗi ruwan goro, kishiyar rawaya shunayya. Ki gwada da kanki yau. Ki ƙura wa jan ƙyalle ido na rabin minti, sannan ki dubi farin bango, za ki ga inuwa mai kore-kore tana yawo a kansa. Idonki ne ya ƙirƙire ta.

Vincent van Gogh ya yi aiki da wannan da saninsa. A watan Satumba na 1888, a garin Arles na kudancin Faransa, ya zana wata mashaya da ke kwana a buɗe: bango ja wur, rufi kore, teburin wasa kore a tsakiya, fitilu rawaya suna zubo haske a kan 'yan mutanen da suka kifa kai a tebura. Ya rubuta wa ƙanensa Theo cewa da ja da kore ya so ya nuna munanan sha'awoyin zuciyar ɗan Adam. Jadawalinki ya ce kore kwanciyar hankali ne. A wannan zane koren da ke gogayya da ja shi ke hana mai kallo sakat.

Shuɗi ma haka. Daga 1901 zuwa 1904 Pablo Picasso ya kusan kulle kansa a cikin shuɗi, bayan amininsa Carles Casagemas ya harbe kansa a Faris a watan Fabrairun 1901. Makafi, mabarata, uwaye masu rungume da 'ya'ya cikin yunwa, duk shuɗi. A nan jadawalin ya yi daidai. Amma ƙarnuka kafin shi, masu zanen Italiya suna keɓe shuɗi mafi tsada don mayafin Nana Maryamu, saboda daga wani dutse mai daraja na duwatsun Badakshan a Afganistan ake niƙo shi, kuma akwai lokutan da ya fi zinariya tsada. Wanda ya ga wannan shuɗi a wancan zamani ɗaukaka yake gani.

Ga aikin da na fi so ki yi a wannan mako. Ki sami jan mayafi guda. Ki ɗauke shi hoto a kan farin bango da rana tsaka, ki ɗauke shi yashe a kan ƙasa mai toka-toka da magariba, ki ɗauke shi a kafaɗar yarinya tana dariya a cikin ganye. Ki jera hotunan uku ki zauna da su. Abin da za su koya miki ya fi abin da zan iya rubutawa a nan.

Tambaya: Malam, sana'ata ɗaukar hoton taro da bukukuwa. In na ɗauka a cikin ɗaki sai hoto ya fito rawaya, in a inuwa sai ya yi shuɗi-shuɗi, masu aiki su ce na ɓata musu kaya. Kyamarar ce ta lalace?

Amsa: Ɗan'uwa, kyamararka lafiyarta ƙalau. Ita tana faɗin abin da ta gani, idonka ne ke yi maka gyara ba ka sani ba. Farar riga a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai zare rawaya take komawa, a inuwa kuma shuɗi-shuɗi, amma ƙwaƙwalwa ta riga ta san rigar fara ce sai ta ci gaba da nuna maka ita fara. Ka tuna hoton rigar nan da ya zaga duniya a 2015, wasu na rantsuwa shuɗi da baƙi ce, wasu na cewa fari da ruwan zinariya? Kowace ƙwaƙwalwa ta yi nata hasashen irin hasken da ke kan rigar, sai ta cire shi.

Ana auna launin haske da ma'aunin Kelbin, inda ƙaramar lamba ke nufin haske mai ja-ja ko rawaya, babbar lamba kuma mai shuɗi-shuɗi. Kyandir yana wajen 1,900. Ƙwan lantarki mai zare 2,700 zuwa 3,200. Rana tsaka wajen 5,500. Ranar da gajimare ya rufe sama 6,500. Inuwa a rana mai garau 7,000 zuwa sama, domin abin da ke cikin inuwa shuɗin sama ne kawai ke haska shi. Hasken hantsi da na la'asar sakaliya yana yin ja-ja saboda rana ta yi ƙasa, haskenta na ratsa iska mai kauri, shuɗin cikinsa ya warwatse a hanya kafin ya iso. Claude Monet ya zana fuskar babbar majami'ar Rouen fiye da sau 30 tsakanin 1892 da 1894, dutse guda, amma wani zanen ruwan hoda, wani toka, wani kamar zinariya, gwargwadon sa'ar da ya kalle shi.

Maganin matsalarka yana cikin abin da ake kira daidaita fari. Ka riƙe katin toka, wato kati mai launin toka matsakaici, ko farar takarda marar ƙyalli a aljihu. Kana isa wuri ka ɗauke shi a cikin hasken da za ka yi aiki, ka gaya wa kyamara wannan ne ma'auni. In kyamararka na iya ajiye ɗanyen fayil, wanda take rubutawa RAW, yi amfani da shi, don za ka iya sauya wannan a kwamfuta ba tare da hoton ya lalace ba. Abin da ya fi wuyar gyara shi ne haske iri biyu a fuska ɗaya, taga na zubo shuɗi ta dama, ƙwai na zubo rawaya ta hagu. Nan sai dai ka kashe ɗaya ko ka matsar da mutumin. A hoton biki ka tsaya a kan wannan, domin amarya tana da haƙƙin ta ga kayanta da launin da ta zaɓa.

Amma ba zan bar ka da tunanin cewa kullum gyarawa ake yi ba, kuma a nan zan faɗi abin da ya shafe ni. Lokacin da muke aiki da fim, mahaifina ya yi doguwar jinya. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ya ce a fitar masa da kujera bakin ƙofa. Rana ba ta fito ba, gari ya yi luf, hasken duk shuɗi ne mai sanyi. Yana lulluɓe da farin bargo, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon inda ruwa ke ɗiga. Na ɗauka sau uku ba tare da na ce masa komai ba. Da na kai wanki, mai injin ya yi abin da aka koya masa: ya cire shuɗin tas, ya ƙara ɗumi, bargo ya fito fari sol, fatar Baba ta yi jajir kamar ta mai ƙoshin lafiya. Na karɓa na daɗe ina dubawa a tsaye. Hoto ne mai kyau na wani dattijo yana hutawa. Safiyar da na gani ba ta ciki, sanyin ba ya ciki, tsoron da ke zuciyata ba ya ciki. Na koma na roƙe shi ya sake bugawa ya bar shi yadda fim ya kama. Ya ce mini zai yi muni, na ce na ji. Bayan wata huɗu Allah ya yi wa Baba rasuwa. Hoton mai shuɗin shi ne a bangon ɗakina, kuma duk ɗan'uwana da ya tsaya gabansa sai ya yi shiru, har waɗanda ba su ga wannan safiyar ba.

Tun daga ranar, kafin in taɓa ma'aunin fari sai na tambayi kaina me na ji lokacin da na danna. In ɗumin fitila ne ya sa ɗakin ya yi daɗin zama, sai in rage rawayar kaɗan in bar saura. Cire ta duka yakan mai da ɗakin kwana kamar ɗakin tiyata.

Tambaya: Yallaɓai, da waya nake ɗauka. Nakan ja maɓallin ƙara kaurin launi har ƙarshe don hoto ya yi kyau, amma wani abokina ya ce hotunana suna gajiyar da ido. Gaskiyarsa ne?

Amsa: Gaskiyarsa ne, ƙanena, ka riƙe wannan aboki. Taron da kowa ke ɗaga murya ba a jin kowa. In sama ta yi shuɗi shar, ciyawa kore shar, riga ja wur, ido bai san inda zai sauka ba. Akwai kuma asara ta zahiri. A hoton waya, ja da kore da shuɗi kowanne yana da matakai daga 0 zuwa 255. In ka matsa wa jan fure har ya kai 255, duk lanƙwasar ganyensa da jijiyoyinsa sun tafi, sai jan tabo kawai.

Nemi hoton yarinyar nan 'yar Afganistan da Steve McCurry ya ɗauka a sansanin 'yan gudun hijira kusa da Peshawar a 1984, wanda ya fito a bangon mujallar National Geographic ta Yunin 1985. Ƙirga launukan ciki. Jan mayafi da ya ƙoɗe, koren bango, koren tufa da ke leƙowa ta yagar mayafin, sai idanunta. Kusan launi biyu ke nan, kishiyoyin juna, kuma duk sun taru suna tura ka ga idanun. Ka yi wata guda kana ɗaukar hoton da bai wuce launi biyu ko uku ba. Ka matsa da ƙafarka har jar robar da ke bayan mutum ta fita daga hoton. In za ka taɓa maɓallin nan, ja shi har sai ka ga ya yi maka, sannan ka koma rabin hanya.

Tambaya: Malam, ni mace ce mai baƙar fata, haka 'ya'yana. A hoto ko dai fuskarmu ta nutse cikin duhu, ko mai hoto ya "gyara" mu mu fito fari-fari kamar an shafa mana toka. Babu yadda za a ɗauke mu yadda muke?

Amsa: Akwai, Hajiya, kuma wannan tambaya tana ci mini rai domin laifin ba na fatarku ba ne ko kaɗan.

Abin yana da tarihi. Daga tsakiyar shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa ɗakunan wankin hoto wani kati mai hoton farar mace, ana ce masa katin Shirley, da shi ake saita injin. In fatarta ta fito daidai, an gama saiti. Sai a shekarun 1990 aka fitar da kati mai mata masu launin fata daban-daban. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta bi diddigin lamarin, ta nuna cewa cikin abin da ya sa aka inganta yadda fim ke kama launuka masu duhu har da ƙorafin kamfanonin kayan katako da na cakulan, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya ɓaci.

Sai kuma yadda kyamara ke auna haske. An gina ta ne ta ɗauka cewa duk abin da ke gabanta, in aka gauraya shi, toka ce matsakaiciya. In kina sanye da fararen kaya a gaban bango mai haske, sai ta rage hasken don farin ya koma toka, fuskarki ta nutse. In fuskar ce ta cika hoton, sai ta ƙara haske don ta ɗaga ta zuwa toka, ki fito kamar an yi miki hoda. Mai hoton da ya san aikinsa a kan fuska yake auna haske, ya yanke hukunci da kansa, ba ya barin na'ura ta yanke.

Kalmar "baƙar fata" ma tana rufe mana ido. Ki dubi 'ya'yanki a bakin taga da safe. Wani a ƙarƙashin duhun akwai ja, wani ruwan zuma, wani har shuɗi-shuɗi ke ɗaukar ido a goshinsa. Waɗannan su ne hoton. Filashar da ke kan kyamara ita ke kashe su, don tana buga goshi da hanci su yi fari fat, saura ya yi duhu. Abin da wannan fata ke so shi ne haske mai faɗi da taushi daga gefe: babbar taga, bakin inuwa, ko farin allo da ke maido da haske. Tana kuma ɗaukar launin abin da ke kusa da ita fiye da yadda mutane ke zato, shi ya sa kusa da bango ruwan goro takan yi ɗumi kamar garwashi, a ƙarƙashin shuɗin magariba kuma ta yi wani irin kwarjini. A ganina babu fatar da ta kai ta karɓar launi mai kauri, rawaya, shunayya, kore, duk suna zama a kanta daram.

Ki nemi hotunan da Gordon Parks ya ɗauka a Alabama ta Amurka a 1956 wa mujallar Life, a zamanin wariyar launin fata. Akwai wata mata da 'yar yarinya cikin kwalliya, tufafinsu masu launi mai taushi, suna tsaye a ƙarƙashin jar alamar lantarki da ke nuna ƙofar da aka keɓe wa baƙaƙe. Taushin tufafin da tsawar jar alamar su suka faɗi zaluncin, kuma fatar matar ta fito da mutuncinta. In mai hoto zai ɗauke ku nan gaba, ki gaya masa tun farko ba ki son a haskaka fata, ki nemi ya nuna miki hoton farko kafin ya ci gaba. Haƙƙinki ne.

Tambaya: Malam, wani malaminmu ya ce hoton fari da baƙi shi ne fasaha ta gaskiya, mai launi na 'yan talla ne. Me ka gani?

Amsa: Ina girmama malaminku, amma ban bi shi a nan ba. Ra'ayin tsoho ne kuma yana da dalili. Hoto mai launi ya daɗe yana wahala. A 1861 James Clerk Maxwell ya nuna na farko a Landan, hoton wani ƙyalle mai ratsi-ratsi da aka ɗauka sau uku ta matatar ja, kore da shuɗi, aka haɗa su a bango. A 1907 'yan'uwan nan Lumière na Faransa suka fitar da farantin Autochrome, wanda aka yi da ƙananan ƙwayoyin sitacin dankali da aka rina kala uku. Fim ɗin Kodachrome ya zo a 1935. Mujallu da masu talla da iyalai suka rungume shi, manyan masu hoto kuma suka riƙa yi masa kallon raini, wani ɓangare don ba sa iya wanke shi da hannunsu yadda suke so. Ko a 1976, da babban gidan fasahar zamani na Niyok ya baje hotunan William Eggleston masu launi, masu sharhi da yawa sun yi masa ca. Yau ana koyar da aikinsa a makarantu.

Wannan bai rage darajar fari da baƙi ba. Malick Sidibé na Mali da shi ya kama samarin Bamako suna rawa a shekarun 1960, kuma a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Benis a Italiya. Murnar da ke cikin hotunansa ba ta nemi launi ba, tana cikin motsin jiki da zanen tufafi.

Ga yadda nake yanke hukunci. Ina cire launin in duba. In hoton ya ƙara ƙarfi, to dama launin cikas yake yi, siffa da haske su ne zancen. In ya mutu, kamar yadda hoton Baba zai mutu, to launin ne zancen. Abin da ba na so shi ne a mai da hoto fari da baƙi don a ɓoye cewa ba a kula da launinsa ba lokacin ɗauka.

Tambaya: Baba, shekaruna 17. A gwajin ido aka gano ba na bambance ja da kore sosai. Ina son aikin hoto ƙwarai, amma an ce in haƙura. Tun ranar ban sake ɗaukar kyamara ba.

Amsa: Ɗana, ɗauko kyamararka. Wasiƙarka na fara karantawa, na ajiye ta ƙarshe don in amsa ta a natse.

A cikin ido akwai ƙwayoyin gane launi iri uku, masu karkata ga ja, ga kore da ga shuɗi. A wurinka ɗaya daga cikin biyun farko ba ta aiki yadda ta saba. Gado ne, yawanci ta wajen uwa yake zuwa, shi ya sa ya fi kama maza: a tsakanin Turawa kusan namiji 1 cikin 12, mace kuwa 1 cikin 200. Masanin kimiyya John Dalton yana da shi, shi ne ma ya yi bayaninsa a 1794. Charles Meryon na Faransa ya fara da fenti, da ya gane matsalar idonsa sai ya koma zanen da ake kartawa a farantin ƙarfe a buga da tawada, kuma zanen titunan Faris da ya yi har yau ana ji da su.

Ba na ce dole ka tsaya a fari da baƙi ba. Shuɗi da rawaya kana ganinsu sarai, kuma tsakanin waɗannan biyu akwai sanyi da ɗumi, safiya da la'asar, inuwa da fitila, wato mafi yawan abin da ke taɓa zuciya a hoto. Ka kuma saba tun kana yaro da lura da haske da duhu da siffar abu, abin da sauran ɗalibai ke shan wahala kafin su koya, don launi na ɗauke musu hankali.

Inda za ka yi tuntuɓe shi ne fatar mutum, domin tana iya karkata ga kore ko ja ba ka gani ba. Don haka katin toka ya zama abokin tafiyarka a kowane aiki. Ka koyi karanta lamba a manhajar gyaran hoto: in ka ɗora alamar a kan abin da ya kamata ya zama toka, lambobin ja, kore da shuɗi su zo kusan ɗaya, misali 120, 120, 120. In ta tsakiya ta haura sauran, hoton ya yi kore, ka rage ta. Sannan ka sami mutum guda da ka amince da idonsa, ƙanwarka ma ta isa, ya duba maka fuskoki kafin ka miƙa aiki.

Ka ɗauki hoto goma a wannan wata, biyar da sassafe kafin rana ta fito, biyar bayan an kunna fitilu, ka aiko mini ta adireshin mujalla. Zan duba su ɗaya bayan ɗaya in ba ka amsa a wannan fili, in Allah ya kai mu.